Fulogi da albashi: yadda ƙaramin ƙarfe ke cinye kuɗin man ma'aikacin gwamnati a Abuja

Duk wanda ke bin hanyar Nyanya da Mararaba da sanyin safiya, ko ya fito daga Kubwa ko Lugbe zuwa Sakatariyar Tarayya, ya san motar nan da ke karkarwa a cikin cunkoso, salansarta na fitar da warin ɗanyen fetur, direbanta na danna totur don kada ta mutu a tsakiyar titi. Sau da yawa mai motar ma'aikacin gwamnati ne, kuma sau da yawa abin da ke damunta bai wuce tsawon yatsa ba. Fulogi ne ya gaji, ko kuma an saka mata na jabu.

A shekarun baya wannan matsala ce ta gareji, ba ta shafi shafin sharhi a jarida ba. Abin da ya sauya shi ne farashin mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, ana sayar da lita a kan kimanin naira 185 a gidajen man kamfanin NNPC. Cikin 'yan kwanaki farashin ya koma naira 537 a Abuja, ya kai 617 a watan Yuli, ya kai 897 a Satumban 2024, sannan ya haura naira 1,000 a Oktoban shekarar kafin daga baya ya ɗan sassauta. Mafi ƙarancin albashi kuwa, da aka sa wa hannu a Yulin 2024, naira 70,000 ne.

Ma'anar wannan ita ce, a da gwamnati na biyan wani kaso na kowace lita da mota ta ɓarnatar. Yanzu mai motar ne ke biya shi kaɗai. Tun 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da alawus na gida da mota zuwa kuɗi a cikin albashi, mafi yawan ma'aikatan tarayya su ke sayen motarsu, su ke gyara ta. Saboda haka ya dace a tsaya a dubi wannan ɗan ƙarfe da kyau, domin a kansa ne ingancin mai, da faɗuwar naira, da kasuwar kayan jabu, da ƙwarewar kanikawa, da shirin komawa iskar gas suka haɗu.

Aikin da fulogi ke yi

Injin fetur na aiki ne da ƙonewar mai a cikin silinda. Fistin na sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, a kunna musu wuta su tura shi ƙasa da ƙarfi, sannan ya sake hawa ya fitar da hayaƙi. Wannan turawar ita ke juya taya. Wutar da ke kunna cakuɗin kuwa daga bakin fulogi take fitowa. Injin dizal ba ya da irin wannan fulogi, domin zafin matsewar iska kaɗai ke kunna mansa. Shi ya sa maganar ta shafi motocin fetur da babura da ƙananan janareto ne.

Batirin mota na bayar da bolt 12 ne kacal, wanda ba zai iya tsallake ko da siririn gibi a cikin matsattsiyar iska ba. Koyil ne ke ɗaga wannan wuta zuwa dubban bolt, galibi tsakanin 12,000 da 25,000, a wasu injuna ma fiye da haka. Wutar na bi ta sandar da ke tsakiyar fulogi, wadda aka lulluɓe da farin tangaran mai jure zafi don kada ta zille, ta tsallake gibin da ke tsakanin bakin sandar da lanƙwasasshen ƙarfen da ke gabanta. Wannan gibi a mafi yawan motoci yana tsakanin milimita 0.7 da 1.1. A wannan ɗan tsakani ne tartsatsi ke tashi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Étienne Lenoir ya yi amfani da tartsatsin lantarki a injin gas da ya ƙera a Faransa a 1860, kuma a 1902 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da fulogi tare da na'urar ɗaga wuta da injiniyansa Gottlob Honold ya ƙirƙiro, abin da ya ba injunan fetur damar gudu da sauri. Siffar ba ta sauya sosai ba tun daga lokacin, amma nauyin da ke kanta ya ƙaru. Idan inji na juyawa sau 3,000 a minti, kamar yadda yakan yi a kan babbar hanya, kowane fulogi na tartsatsi sau 1,500 a minti, wato sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Kowane tartsatsi na cin ɗan ƙurar ƙarfe daga bakinsa. A hankali gibin na buɗewa, kaifin bakin na dakushewa, wutar da ake buƙata don tsallakewa na ƙaruwa, har ta kai inda koyil ba ya iya bayarwa a kowane bugu.

Akwai kuma batun zafi. Bakin fulogi na buƙatar ya kai kimanin digiri 450 zuwa 500 a ma'aunin Selsiyos kafin ya riƙa ƙone baƙin hayaƙin da ke taruwa a jikinsa. Idan ya haura wajen digiri 800 kuma, sai ya zama garwashi, ya kunna mai kafin lokaci, abin da kan iya huda fistin. Don haka kowane inji na da lambar fulogin da aka tsara masa, mai fitar da zafi daidai da buƙatarsa. Fulogi biyu na iya shiga rami ɗaya daram, amma ɗaya ya dace da injin, ɗayan ya lalata shi.

Lissafin asarar

Idan tartsatsi ya kasa tashi, man da aka zuba a wannan bugun bai yi aiki ba, sai ya fita ta salansa ɗanye. A mota mai silinda huɗu, irin Corolla da Camry da Accord da suka cika harabar ma'aikatu, mutuwar fulogi ɗaya gaba ɗaya na nufin kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injin ya tafi, direba kuma zai ƙara taka totur don cike gurbin. Amma wannan shi ne mummunan hali, kuma ba ya ɓoyuwa. Wanda ya fi yawa shi ne fulogin da ke kuskurewa jefi-jefi, musamman da safe ko a hawan tudu ko idan an kunna na'urar sanyaya mota. Shi wannan yana iya wata da watanni yana sata ba a gane ba.

Mu ƙaddara ma'aikaci na tafiyar kilomita 50 a rana, zuwa ofis da dawowa, kwana 22 a wata. Kilomita 1,100 ke nan. Mu ƙaddara motarsa na yin kilomita 10 da lita ɗaya, wato lita 110 a wata. Idan rashin kula ya sa ta ƙara shan kashi 10 cikin 100, asarar lita 11 ce. A kan naira 185, kuɗin bai wuce naira 2,035 ba, abin da mutum kan iya kawar da kai a kansa. A kan naira 900 kuwa, naira 9,900 ne a wata, naira 118,800 a shekara, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata ɗaya da rabi. Lissafin misali ne, kowa na iya saka nasa alƙaluman, amma darasin ɗaya ne: laifin motar bai sauya ba, farashinsa ne ya ninka kusan sau biyar.

Asarar ba ta tsaya a fetur ba. Fulogin da gibinsa ya buɗe na tilasta wa koyil aiki fiye da kima, har ya ƙone, kuma koyil ya fi fulogi tsada. Ɗanyen man da ke sauka cikin salansa na ƙonewa a cikin matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi saboda kamannin cikinta, ya narkar da ita ko ya toshe ta. Wani sashe na man kuma na wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ya tsarma wanda ke cikin inji. Haka allura ke tono garma, gyaran da ya kamata a gama cikin rabin sa'a ya koma maganar sauke inji.

Sai dai akwai gyara da ya kamata a yi wa wannan zance. Sabon fulogi ba ya rage shan man motar da tsohon fulogin nata ke da lafiya. Al'adar canza fulogi a kowane sabis, tare da baƙin mai da matata, ta samo asali ne daga zamanin motoci masu kafireto da fetur mai dalma. A motar zamani ɓarnar kuɗi ce, kuma sau da yawa ana cire na asali mai sauran rai a saka wanda bai kai shi ba. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, toshewar matatar iska, lalacewar na'urar auna hayaƙi da tuƙin gaggawa duk na ƙara shan mai, kuma babu fulogin da zai gyara su.

Hanya, ƙura da ingancin mai

Fulogi iri uku ne a kasuwa. Akwai na gargajiya mai cikin tagulla da bakin nikel, wanda galibi ake canzawa a wajen kilomita 30,000. Akwai mai bakin filatinam, da kan kai wajen kilomita 100,000. Akwai kuma mai bakin iridiyam, wanda wasu kamfanonin mota ke ba wa wa'adin kilomita 160,000 ko fiye. Iridiyam ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, shi ya sa ake iya yin bakinsa siriri kamar allura, ya daɗe bai cinye ba, kuma ba ya buƙatar wuta mai yawa kafin ya yi tartsatsi. Adadin da ya shafi kowace mota yana cikin littafinta.

Matsalar ita ce waɗannan alƙaluma an tsara su ne don wani irin tuƙi, ba irin na Abuja ba. Na farko, mafi yawan motocinmu na hannu ne, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam. Babu wanda ya san yaushe aka canza musu fulogi, kuma ba kowane agogon tafiya ne ke faɗin gaskiya ba, domin ana juya shi baya kafin sayarwa. Waɗanda suka zo daga Amurka kuma da mil suke ƙirga, ba kilomita ba, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 100,000 a kan irin wannan agogo, motarsa ta yi kilomita 160,000.

Na biyu, agogo na ƙirga tafiya ne, ba ya ƙirga tsayuwa. Injin da ke aiki a tsaye yana juyawa kimanin sau 750 a minti na sa kowane fulogi tartsatsi sau 22,500 a sa'a ɗaya, alhali motar ba ta yi wata tafiya ba. A wannan hali kuma bakin fulogin ba ya samun zafin da zai tsabtace kansa, sai baƙi ya taru. Wannan ya shafi mai kwana a cunkoson AYA zuwa Nyanya, ya kuma shafi hadimai da direbobin manya, waɗanda ke barin inji na aiki da sanyi a kunne na sa'o'i a ƙofar taro suna jiran maigida ya fito.

Na uku, ƙurar hunturu na toshe matatar iska da wuri. Inji na buƙatar kimanin kashi 14.7 na iska ga kowane kashi ɗaya na fetur a ma'aunin nauyi. A tsofaffin motoci ƙarancin iska na sa mai ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi. A sababbi kwamfutar mota na daidaita man, amma ƙarfi na raguwa. Sai kuma al'adar da ta yaɗu a garejinmu ta cire na'urar daidaita zafin ruwan inji da haɗa fankar lagireto kai tsaye, da hujjar cewa ƙasarmu na da zafi. Injin da aka yi wa haka yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da sanyin safiya, kwamfuta ta ɗauka har yanzu yana ɗumama ne ta ci gaba da ƙara mai, fulogi kuma ya ci gaba da datti.

Na huɗu shi ne man kansa. Mazauna Abuja ba su manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumar NMDPRA ta tabbatar da shigowar fetur mai sinadarin metanol fiye da ƙa'ida, shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ya ce jiragen ruwan da suka kawo shi daga Antwerp na Beljiyam suka taso. An janye man, layuka suka dawo, masu motoci da yawa suka koka da lalacewar inji. Wannan ya fito fili ne saboda girmansa. Wanda ba ya fitowa shi ne man jarka da ake saye a bakin titi lokacin ƙaranci, mai ruwa ko gauraye. Fara fitar da fetur daga matatar Dangote a Satumban 2024 ya rage dogaro da na waje, amma tsakanin matata da tankin mota akwai depo da tanka da rijiyar gidan mai, kuma a kowanne ana iya samun matsala idan babu mai dubawa.

Kasuwar jabu

Fulogin da ke cikin motocinmu daga waje ake shigo da shi, da kuɗin waje. A Mayun 2023 dala na kan kimanin naira 460 a farashin hukuma. Bayan sakin naira a watan Yunin shekarar, ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Farashin kayan gyara ya bi ta, albashi bai bi ba. A irin wannan yanayi kasuwar jabu ke bunƙasa, domin mai saye na neman sauƙi, mai sayarwa na neman abin da zai fita.

Sunayen da aka fi yarda da su, irin NGK da Denso da Bosch, su ake kwaikwaya, kuma kamfanonin da kansu sun sha fitar da gargaɗi a kan haka. Jabun iridiyam yakan zama nikel ne aka fiƙe wa baki ya yi kama da na gaske. Yakan yi aiki lafiya a makonnin farko, abin da ke sa mai mota ya ɗauka ya ci riba, sannan bakin ya cinye da sauri. Mafi muni shi ne wanda cikinsa ba ya fitar da zafi yadda lambar da aka buga a jikinsa ta nuna, ko wanda tangaransa ke tsagewa, ɓarɓashi ya faɗa cikin silinda.

Akwai alamun da ido kan kama: rubutun da ya karkace ko yake gogewa da yatsa, zoben matsewa da ke zamewa ya fita cikin sauƙi, zaren da ba shi da santsi, kwalin da launinsa ya kauce. Amma masu jabu na ƙara ƙwarewa, don haka alamar da ta fi ƙarfi ita ce farashi. Idan ana sayar da iridiyam huɗu a kuɗin da bai kai na ɗaya ba a wurin dillalin da aka sani, to amsar na cikin tambayar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda aljihunsa bai kai na iridiyam ba, idan littafin motarsa ya yarda, gara ya sayi na nikel na gaske mai lambar da ta dace ya riƙa canzawa a kan lokaci, da ya sayi iridiyam na ƙarya.

Abin da za a nema a gareji

Ba a ce ma'aikaci ya zama bakanike ba. Amma wanda zai kai motarsa unguwar kanikawa ta Apo ko wani gareji a Kugbo ko Kubwa, ya kamata ya san abin da zai tambaya. Alamun da ke nuna fulogi sun haɗa da wahalar tashi da safe, karkarwa a tsaye, tuntuɓe idan an taka totur, raguwar ƙarfi da ƙaruwar shan mai. Idan fitilar gargaɗin inji ta kunnu ta tsaya, a duba motar ba da daɗewa ba. Idan kuwa ƙiftawa take yi, ma'anarta inji na kuskuren wuta har yana iya lalata matatar hayaƙi, kuma ci gaba da tafiya a haka ganganci ne.

Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 na da wurin jona na'urar bincike, haka ma mafi yawan na Turai da Japan na shekarun baya. Na'urar na nuna silindar da ke kuskure: lambar P0301 na nufin ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuma na nufin kuskuren na yawo. Lambar ba ta ce fulogi ne ba, ta faɗi wurin ne kawai. Bakaniken kirki zai ɗauke koyil ɗin wannan silinda ya mayar wata, ya ga ko matsalar ta bi shi. Idan ta bi shi, koyil ne. Idan ta tsaya, sai a duba fulogi, sannan nozul, sannan ƙarfin matsewar silindar. Wanda ya ce "Yallaɓai, sai an canza duka" tun kafin ya yi wannan, yana gwaji ne da kuɗin mai mota.

Tsohon fulogi shaida ne, kada a bari a jefar da shi ba a duba ba. Bakin da ya yi ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka na nuna inji lafiya. Baƙi busasshe kamar gawayi na nuna mai ya yi yawa, ko inji ba ya ɗaukar zafi, ko yawan tsayuwa. Baƙi mai maiƙo na nuna baƙin mai na shiga silinda ta ringi ko ta robar bawul, kuma sabon fulogi ba zai magance wannan ba, zai sake yin baƙi. Fari fat mai ƙuraje ko alamar narkewa na nuna zafi ya wuce kima. Ja kamar tsatsa kan nuna wani sinadarin ƙarfe a cikin man da ake sha. Idan kuma an tarar da baƙin mai kwance a ramin fulogi daga waje, robar murfin inji ce ke yoyo, kuma man na lalata koyil.

Wajen ɗaurawa ma akwai ƙa'ida. A bar inji ya huce, domin kan injin zamani na alminiyam ne, zarensa na lalacewa cikin sauƙi idan da zafi. A hure ƙasar da ke ramin kafin a cire tsohon, don kada ta faɗa ciki. A fara ɗaura sabon da hannu har ya zauna, sannan a matse da sifana daidai gwargwado, domin sakaci na sa shi zafi, wuce kima kuma na tsinke zare. A canza su duka lokaci ɗaya, iri ɗaya, lamba ɗaya. Kada a goge bakin iridiyam da burushin ƙarfe ko a buga shi a ƙasa don rage gibi. Daga ƙarshe a rubuta ranar da abin da agogo ya nuna a ajiye a mota.

Komawa iskar gas

Gwamnatin tarayya ta sa iskar gas ta CNG a tsakiyar amsarta ga tsadar fetur. An kafa shirin fadar shugaban ƙasa kan CNG a 2023, da burin juya motoci miliyan ɗaya zuwa 2027, kuma a Mayun 2024 aka umarci ma'aikatu da hukumomi su riƙa sayen motoci masu amfani da gas. Muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga tukunya da tsoron fashewa da ƙarancin wuraren cikawa. Ba a cika maganar fulogi ba, alhali injin da aka juya da fulogi yake kunna gas ɗin.

Gas ya fi fetur wuyar kamawa, yana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin tartsatsi ya tsallake. Yana kuma shiga silinda a bushe, ba ya sanyaya bakin fulogi kamar yadda fetur ke yi yayin da yake zama tururi. Sakamakon haka, fulogin da ke lallaɓawa a kan fetur yakan gaza da zarar an koma gas, motar ta riƙa tuntuɓe ko bugun wuta ta baya. Masu ƙera fulogi na ba da shawarar a yi amfani da mai bakin iridiyam ko filatinam, a ɗan rage gibin, a kuma riƙa dubawa akai-akai. Idan cibiyar juya mota ba ta duba fulogi da koyil ba kafin ta ɗaura tukunya, mai motar zai ɗora laifin a kan gas, ya gaya wa abokan aikinsa, kuma labari irin wannan ya fi sanarwar gwamnati saurin yaɗuwa a ofis. Nasarar shirin na rataye da irin waɗannan ƙananan abubuwa.

Inda nauyin ya rataya

Wani sashe na maganin yana hannun mai mota, amma ba duka ba. Ma'aikacin da ya biya kuɗin na gaske aka ba shi jabu ba sakaci ya yi ba, cutarsa aka yi. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin tantance abin da ke shigowa, tare da kwastam a tashoshin ruwa da kan iyaka. Kama kaya a tashar ruwa bai isa ba idan ba a shiga kasuwannin kayan gyara ana ɗaukar samfur ana gwadawa, ana kuma bayyana sakamako ga jama'a. Hukumar NMDPRA ita ke da alhakin ingancin man da ke fita daga famfo, kuma mai biyan cikakken farashi na da haƙƙin samun cikakken inganci. Hukumar NADDC, mai kula da harkar ƙera motoci, na horar da kanikawa, kuma horon na buƙatar ya isa ga masu gyara a ƙarƙashin bishiya, domin a can mafi yawan motocin ma'aikata ke zuwa.

Su kansu ma'aikatu na da abin gyarawa. Motocin hukuma na shan mai da kuɗin jama'a, kuma duk inda ake sa hannu a takardar sabis ba tare da rajistar abin da aka canza, da lambarsa, da nisan da motar ta yi ba, to an buɗe ƙofa biyu: a biya kuɗin abin da ba a canza ba, ko a canza abin da bai lalace ba. Hadimin da ke kula da motocin maigidansa na iya rufe ƙofofin biyu da littafi guda da sharaɗin a dawo masa da tsofaffin kayan da aka cire.

Ma'aikaci ba ya da iko da farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya, ba ya da iko da darajar naira. Abin da ke hannunsa shi ne ya tabbatar litar da ya saya ta ƙone a cikin silinda, ba ta fita ta salansa ba. Hanya mafi sauƙi ta farawa ita ce ya cika tanki, ya rubuta abin da agogo ya nuna, ya sake cikawa bayan mako guda, ya raba nisan da ya yi da litocin da ya zuba. Idan adadin ya faɗi ƙasa da yadda ya saba, lokaci ya yi da zai sa a ciro fulogi a gabansa, ya dubi bakinsu da idonsa.